Shin Gudu Yana Taɓa Yin Daɗi Kuwa?

Akwai wata tambaya da nake yawan sha daga wajen abokan aikina malamai da kuma sa'o'ina na unguwa, tun da suka lura ina fita gudu bayan sallar asuba yau shekara 4 ke nan. Tambayar kuwa ita ce: "Malam, tsakaninka da Allah, abin nan yana taɓa yin daɗi kuwa, ko dai azaba ce kurum mutum yake ta daurewa?" Amsar da nake ba su ita ce, i, yana yin daɗi. Amma ba a watan farko ba, kuma ba da irin saurin da yawancin mutane suke farawa da shi ba.

Masu yi mini wannan tambaya ba sha'awar wasa ce ta kama su da girma ba. Hausawa sun ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. To, sa-gudun namu a yau takardar asibiti ce. Mutum ya haura shekara 40, ya je a duba shi don ciwon kai, sai likita ya ce jininsa ya hau, ko sukari ya fara yi masa sallama. Ba abin mamaki ba ne in aka dubi zamanmu a nan Yawunde. Da safe shayi mai kaurin sukari da burodi, da rana shinkafa, da dare kuma ga tsiren Briketeri wanda har mutanen wasu unguwanni suke yin takakkiya dominsa. Tafiyar da iyayenmu suke yi da ƙafa, mu babur ko tasi muke hawa. Sai likita ya ce a riƙa motsa jiki. Bawan Allah ya shiga kasuwar Mokolo ya sayo takalmin gwanjo, ya fita gudu kwana 3, a na huɗu cinyoyinsa sun yi tsami ko sunkuyawa ba ya iyawa, shi ke nan takalmi ya koma ƙarƙashin gado.

A ganina tushen matsalar daga makaranta yake. Gudu iri biyu kaɗai muka sani muna yara. Na farko horo ne, wato ka makara a ce ka zagaya fili sau biyar. Na biyu kuwa tsere ne, wanda ake busa usur kowa ya zura iyakar ƙarfinsa, a yi wa na farko tafi a yi wa na ƙarshe dariya. Saboda haka idan magidanci mai shekara 45 ya ce zai yi gudu, abin da jikinsa yake tunawa shi ne wancan gudun na filin makaranta. Sai ya kwasa da ƙarfi kamar wanda aka biyo, kafin minti 3 ƙirjinsa yana zafi, yana haki, yana ganin taurari. Daga nan ya yanke hukunci cewa shi ba a halicce shi don gudu ba. Alhali kuwa ko 'yan gudun famfalaki na Kenya da Habasha, yawancin atisayensu a hankali suke yin sa, nesa da saurin da suke yi ranar gasa.

Bari in ɗan yi bayanin abin da yake faruwa a cikin jiki, domin sanin sa yana rage fargaba. Da zarar mutum ya fara gudu, tsokoki suna bukatar iskar oksijin fiye da yadda zuciya da huhu suke kawowa a wannan lokaci. Sai an ɗauki 'yan mintoci kafin bugun zuciya da numfashi su daidaita da aikin. Wannan ne ya sa farkon gudu yake da nauyi ga kowa, sabo da tsohon hannu. Idan saurin daidai ne, bayan ɗan lokaci sai numfashi ya zauna. Idan kuwa saurin ya wuce kima, ba zai taɓa zaunawa ba, sai dai haki ya yi ta ƙaruwa har mutum ya tsaya. Akwai wani masani a Amurka mai suna Ekkekakis wanda ya daɗe yana nazarin yadda mutane suke ji a ransu yayin motsa jiki. Abin da bincikensa ya nuna shi ne, muddin mutum bai kai matakin da numfashi yake ƙwace masa ba, yawancin mutane suna jin daɗin abin, ko aƙalla ba ya damunsu, amma da an ƙetare wannan mataki kusan kowa yakan ji ba daɗi. Kuma wanda ya sha wuya yau, da ƙyar ne zai dawo jibi. Ma'aunin kuwa ba ya bukatar agogo mai tsada. In kana gudu kana iya yi wa na kusa da kai magana cikakkiya ba tare da ka yanke ta ba, to saurinka daidai ne. In kuwa sai kalma ɗai-ɗai take fita, ka rage. Abin da ake so shi ne sassarfa, irin wadda mai tafiya da sauri zai iya jerawa da kai.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. A farkon shekarun 1960 wani mai horar da 'yan wasa a ƙasar New Zealand, Arthur Lydiard, ya tara magidanta, wasunsu ma masu ciwon zuciya, suna yin sassarfa tare a birnin Auckland. A 1962 wani takwaransa Ba'amurke, Bill Bowerman, ya kai ziyara ya bi su. Shi da yake horar da zakaru sai ga shi ya kasa, har wani tsoho mai shekara 70 da ɗoriya ya rage sauri yana jiransa. Abin ya tsaya masa a rai, ya koma gida ya yaɗa wannan hanya, littafin da ya rubuta a kanta ya sayu fiye da kofi miliyan 1. Wato dai gudun neman lafiya da ya cika duniya a yau, daga tsofaffi masu tafiya sannu-sannu ya samo asali.

Ni da na tashi farawa, wani tsari na bi wanda wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara a 1996, wanda daga baya hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauke shi tana ba jama'a. Mako 9 ne, fita 3 a kowane mako, da hutun kwana guda a tsakani. A makon farko sassarfar minti 1 ce, sai tafiyar minti 1 da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako ana ƙara gudu ana rage tafiya, har a ƙarshe mutum ya iya yin minti 30 ba tsayawa. Wanda ba shi da agogo sai ya ƙirga turakun wutar lantarki, ya yi sassarfa tsakanin turaku uku ya taka tsakanin huɗu. Kuma a garinmu mai tuddai bakwai, ba abin kunya ba ne mutum ya taka da ƙafa a hawa ya ci gaba da sassarfa a shimfiɗe. Hutun nan na tsakani kada a raina shi. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin makonni kaɗan mutum zai ji bambanci, amma ƙashi da jijiyoyi irin su agara sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa mutum yakan ji numfashinsa ya yi ƙarfi ya ƙara nisa da gaggawa, sai ƙwauri ko gwiwa su kama ciwo. Tsamin jiki da yake zuwa bayan kwana 1 ko 2 ya wuce, wannan ba komai. Ciwon da yake tsayawa wuri guda yana ƙaruwa in ana gudu, shi ne ake dakatawa a kansa.

To, yaushe ne daɗin yake zuwa? A wajena wajen mako na bakwai ne. Wata safiya na lura na yi kusan minti 10 ina shirya darasin lissafi a cikin kaina, na ma manta cewa gudu nake yi. Ƙafafu suna aikinsu, numfashi yana tafiya daidai da taku, hazo yana tashi daga kwari, masu ƙosai suna hura wuta. Wannan shi ne daɗin, kuma ba na so in zuzuta shi fiye da yadda yake. Turawa suna maganar wani irin shauƙi da yake kama masu gudu saboda wasu sinadarai da jiki yake saki. Akwai shi, amma jefi-jefi yake zuwa, wani ma ba ya taɓa samunsa, saboda haka wanda ya fita nemansa zai dawo da takaici. Abin da ya fi tabbata shi ne natsuwar da take biyo baya. Ka yi wanka ka ji jikinka sakayau, ka shiga aji mai yara 70 su yi ta surutu ba su harzuƙa ka ba, da dare kuma barci ya ɗauke ka tun kafin a gama labarun rediyo. Sai dai in faɗa muku gaskiya, har gobe mintoci 10 na farko ba na jin daɗinsu, kuma duk tsohon mai gudun da na tambaya haka yake cewa.

Saura kuma yadda mutum zai kai wannan mako na bakwai. Shawarata ita ce kada a dogara da marmari, domin da ƙarfe 5 na asuba, ana yayyafi, babu wanda yake marmarin gudu. Wani bincike da aka yi a Jami'ar UCL ta Landan, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa sabon hali yakan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zama jiki, ko da yake wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuwa sai 254. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne, tsallake rana guda bai rushe komai ba. Mutanenmu kuwa da sun yi fashin kwana biyu sai su ce ai an riga an ɓata, su watsar gaba ɗaya. Abin da yake taimakawa shi ne a ɗaura gudun a jikin wani abu da ba ya tashi, kuma mu muna da sa'a a nan, tun da asuba tana tashe mu ko muna so ko ba ma so. In ka dawo daga masallaci kada ka zauna a bakin gado, domin daga zama sai kishingiɗa. Na biyu kuwa aboki. Sanin cewa wani yana tsaye a bakin titi yana jiranka ya fi kowane wa'azin likita ƙarfi. Ni kuma da yake aikin malanta ya bi jikina, ina da ɗan littafi kamar rajistar aji, duk ranar da na fita sai in yi maki. Mutum ba ya son ganin gurbi a layinsa.

Masu fita rukuni-rukuni ranar Asabar da Lahadi zuwa Parcours Vita ko hawan Dutsen Febe, suna tafi suna waƙa, abin sha'awa ne, kuma yana sa nisa ya zama kusa. Amma sabon shiga ya yi hattara, domin saurin rukuni na samarin gaba ne, shi kuwa kunya ba za ta bar shi ya tsaya ba. Gara ya yi wata 2 da abokinsa tukuna.

Da na ambaci kunya, ita ce babbar katanga a wajen mutanenmu, fiye da haki. A al'adarmu babban mutum ba ya gudu sai da dalili. A makonnin farko sai da wani dattijo ya tare ni ya ce, "Malam, lafiya? Me ya faru a gidan?" Wasu kuma suna ganin zubar da girma ne mai gemu ya riƙa tsalle a titi kamar yaro. Ga masu wannan tunani, ya isa a tuna cewa ya zo a hadisi Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Kuma babu wanda ya ce sai da gajeren wando, dogon wando mai sauƙi da riga mai hannu sun wadatar. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata su ma hawan jini bai ƙyale su ba, kuma ƙasar nan ce ta haifi Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta lashe tseren hawan Dutsen Kamaru na Buea har sau 7, dutsen da tsawonsa ya haura mita 4,000. Ba a ce kowa ya hau dutse ba. Amma mata uku ko huɗu su haɗu su zagaya filin makarantar unguwa da sassafe, cikin suturarsu, ban ga abin zargi a ciki ba.

Ban ce kowa zai so gudu ba. Akwai wanda zai cika mako 9 ɗin cif, ya bi duk ƙa'ida, amma ya ji har yanzu abin ba ya ransa. Irin wannan sai ya koma tafiya da sauri, ba a yi asara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take nema a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi kamar gudu. Wani babban bincike na Amurka da aka buga a 2014, wanda ya bi mutane fiye da 55,000 har tsawon shekara 15, ya gano cewa ko masu sassarfar minti 5 zuwa 10 a rana haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya ragu ƙwarai in aka gwada da waɗanda ba sa yi sam. Mai hawan jini ko sukari dai ya fara shawartar likitansa, kuma kada ya ajiye magani don ya fara gudu. Wanda ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.

Lokuta biyu ne suke cinye sababbin masu gudu a garin nan, wato azumi da kuma ruwan Satumba da Oktoba. Da azumi nakan mayar da fitar zuwa bayan tarawihi, in rage ta zuwa minti 15, sau 2 a mako. Da ruwa kuwa, in hanyar unguwa ta zama jan taɓo, nakan bi kwalta ta wajen Warda in dawo, in kuma an kwana ana tsugawa sai in ɗaga fitar zuwa bayan la'asar in rubuta hakan a littafina.