Kunya a Gaban Masu Intabiyu

Tun daga shekarar 1976, lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare na bai ɗaya, aka kuma sake tsarin ƙananan hukumomi, har aka wayi gari ana bukatar malamai fiye da waɗanda Kwalejin Horon Malamai ta Wudil take iya yayewa, Allah ya ƙaddara mini zama cikin masu tantance samarin ƙasar Gaya da Ajingi; abin da kuwa ya fi ci mini rai game da su, jiya da yau, shi ne kunyar da suke sanyawa a inda ba muhallinta ba.

Saurayi ya shigo, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna ya yi gaisuwa, wannan duk tarbiyya ce abar yabo. Amma da zarar an ce, "Malam, yaya za ka koyar da lissafi a ajin da yara suka fi kujeru yawa?" sai ka ga ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, can ƙasa-ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, duk yadda kuka ce." Alhali ya san amsar sarai, domin da bakinsa zai zayyana ta ga abokansa a gindin darbejiya bayan an tashi.

'Ya'yana, bayyana abin da mutum ya iya a wurin da aka nemi bayani ba alfahari ba ne, shaida ce, ɓoye ta kuwa zalunci ne ga kansa da ga yaran da za su rasa shi. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma ambaci amanarsa da saninsa. Sai dai mai faɗar abin da ya sani wajibi ne ya iya tsayawa inda saninsa ya ƙare, kamar yadda aka ruwaito daga Imamu Malik, wanda duk da faɗin iliminsa bai ji nauyin cewa bai sani ba. Ban taɓa ganin kalmar "ban sani ba" ta kayar da mai neman aiki ba. Kame-kame ne ke kayarwa.

Sauran shiri ba shi da wuya. A nemi sanin aikin daga bakin wanda ke yin sa. A jera takardu tun da dare, shaidar makaranta da ta haihuwa da ta asalin ƙaramar hukuma, na ainihi a fayil guda, kwafi a wani. Wanda aka kira zuwa Sakatariyar Audu Bako a Kano, musamman idan intabiyun ta faɗo ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci, motocin shanu suka cushe hanyar gadar garin, to ya kama hanya da ya idar da sallar asuba, ko ma ya kwana a birni wurin dangi.