Makubar Zamani



Da kuɗin littafina na uku na yi wa falona daɓen zamanin nan da ake kira maikurosiminti. Siminti ne mai laushi, ana kwaɓa shi da wani ruwan gam, a shafa a kan tsohon daɓe ko tayil. Kaurinsa duka bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ya fito sumul, duk baƙuwar da ta shigo sai ta yaba.

Ni kuwa don tsabar son tsafta, kullum sai na dirje shi da bilic da soson ƙarfe. Ashe garin neman gira ido nake shirin rasawa.

Ranar kamun ƙanwata aka kifar da kwaɓin lalle a tsakar falon. Muka goge, muka wanke, amma ina! Jan ya zauna daram. Wallahi sai da na yi hawaye, don ni na san dararen da na raba ina rubutu kafin kuɗin nan su taru.

Kakata ta leƙa ta ce, "Ke 'yar nan, daɓen da ba makuba ai ƙasa ce." Ta ce a zamaninsu in mata sun gama bugun daɓe da madaɓi, sai a jiƙa ɓawon ɗorawa a yayyafa ruwansa. Shi ke hana daɓe shan ruwa, in ya kwana biyu kuma a ƙara.

Da na kira mai aikin, maganarsu ta zo ɗaya. Ya ce, "Hajiya, ai ba simintin ke tare ruwa ba, man da muka shafa a kansa ne, shi kuma kin cinye shi da dirza." Ya ɗiga ruwa a ƙasa, nan take wurin ya yi duhu. Ya ce da man na nan, da ɗigon ya tsaya cak a sama.

Dole na ɗauki adashena na ba shi. Ya wanke, ya bari ya bushe, ya goga sanfefa mai laushi, ya kwashe ƙurar, sannan ya shafa man foliyuritan da rola sau 2. Kwana 7 ya hana mu sa masa ruwa ko jan kujera.

To uwargida, in kina da irinsa, ki riƙa share ƙurar hunturu kafin ki goge, don yashi ke kankare man. Ruwa da sabulu mara kaifi sun isa. Ban da bilic, ban da lemon tsami, ban da ruwan kal. Manja ko zoɓo in ya zuba, ki tsane nan take. Ki riƙa gwada ɗigon ruwan nan a bakin ƙofa, don can man ke fara ƙarewa.

Tabon lallen dai ya dusashe, amma bai fita duka ba. Yana nan, kullum muna gaisawa.

Allah ya sa mu dace, amin.