Bahon roba, randar Hajiya da yaran da ke zuwa kududdufi

 

Makon jiya na dawo daga Kurmi bayan la'asar, na tarar da babban ɗana, mai shekara tara, ido jajir, wando sharkaf, yana warin gansakuka. Ban ma tambaya ba, na san daga kududdufi yake. Na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai jikina ya yi sanyi, don mu ma haka muka yi. Duk wanda ya tashi cikin badala ya san yadda kududdufan nan suke, ramukan da kakanninmu suka haƙa suna ɗiban ƙasar gini. Da yawanmu mun yi fitsarin jini na tsargiya muna ɗauka alamar girma ce. Kuma ba shekarar da za ta wuce ba ka ji 'yan kwana-kwana sun ciro gawar yaro daga irin wannan ruwa ba.

To duka ba zai hana ba, tunda zafi ne ke korar su daga gida. Sai na sayo bahon roba irin wanda ake hura wa iska, na kafa a tsakar gida, na tsayar da mai ga-ruwa ya juye jarka shida. Murna wajen yaran kamar ranar Hawan Daushe.

Washegari da azahar ƙaramar ta tsoma ƙafa ta fasa ihu. Wallahi ruwan nan ka ce na haɗa shayi ne. Na sayo ƙanƙara manya biyu na jefa, kafin in gama alwala sun narke, kuɗina ya bi ruwa. Na rufe da baƙar leda wai maganin rana, abin ya ƙara muni.

Hajiya tana kan tabarma tana kallona, sai ta ce, "Kai ɗan nan, da karatunka da komai? Ka taɓa ganin an ajiye randa a rana a kan siminti?"

Nan na tsaya. Randarta tana kwanar zaure tun ina yaro, a kan jiƙaƙƙen yashi, ruwanta har haƙori yake kamawa. Sirrin shi ne jikin tukunya yana tsattsafo, iska tana busar da shi, zafin yana tafiya tare da tururin. Da wannan dabarar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Roba kuwa ba ta tsattsafo. Ga shi a watan Mayu, da iskar kudu ta fara kawo laima, busarwar ma raguwa take, shi ya sa gumi ke zama a jikinka ba ya bushewa. Sai ka haɗa da inuwa da lokaci.

Ga abin da muka yi, ko zai amfani wani. Mun ja bahon ƙarƙashin darbejiyar da na sha cewa zan sare, muka ƙara rumfar zana ta ɓangaren yamma. Mun shimfiɗa yashi da tsofaffin buhuna a ƙasa, don simintin nan kasko ne. Ruwa kuma daga rijiyar maƙwabta da asuba, ba na baƙin tankin da ke kan rufi ba, wanda rana ke dafawa tun hantsi. Ba ma rufewa da leda. Ba zan ce ya zama ruwan firij ba, amma yaro zai shiga da azahar ya fito yana dariya.

Abu biyu ba na wasa da su. Ruwan ba ya wuce kwana biyu, don kada in yi kiwon sauro da kuɗina. Da shi ake wanki, a yayyafa tsakar gida, sauran a kai bayi. Na biyu, ba a shiga sai da babba a zaune yana kallo. Ƙaramin yaro ko a bokiti yana iya halaka, kuma ba za ka ji motsinsa ba.

Kwana tara ke nan yaron bai leƙa kududdufi ba. Amma jiya na ƙirga yara goma sha ɗaya a tsakar gidana, wasu ban ma san iyayensu ba. Gida nawa ne a lungunanmu ke da filin baho, balle kuɗin jarka shida? Zafin nan kuma ba raguwa yake ba: a Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai 48.5, mu ma nan muna haura 40. Muna cike kududdufai da shara muna gina shaguna, muna sare bishiya muna zuba siminti, waɗanda suka rage kuma ko shinge babu.

Masu unguwanni, kansiloli, masu hali: a killace ramukan da suka rage, a samar wa yara wurin wanka mai tsabta da mai gadi ko ɗaya ne a kowace shiyya. Iyaye kuma, yau da azahar ka tambayi kanka ina ɗanka yake.

Allah Ya raya mana su, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.