Takardar da Muka Karɓo a Titin Ibrahim Taiwo



Mu biyar aka haifa a gidanmu a Sabon Gari, yau saura mu uku. Sikila ce ta ɗauke ƙannenmu biyu. Har yanzu muna tuna dararen hunturu: kukan ciwon ƙashi, Mama tana gasa musu jiki da ruwan ɗumi, Baba yana neman abin hawa zuwa asibiti. Wasu dangi suka ce sammu ne, wasu suka ce alhaki ne ke bin gidan.

Bara, da maganar auren babbarmu ta taso, muka shiga a daidaita sahu mu uku, sai wani ɗakin gwajin jini a Titin Ibrahim Taiwo, wajen Fagge. Sakamako ya fito: ɗaya AA, biyu AS, har da amaryar gobe. Bayan mako guda saurayinta ya kawo tasa takardar. Shi ma AS.

Likita ya yi mana bayani. Mai AS lafiyarsa lau, amma idan biyu suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki lissafinsa daban, shi ya sa a gidanmu aka sami biyu cikin biyar.

Sun yi azumi, sun yi kuka, sun zauna da fasto, daga baya suka fasa auren. Wasu suka ce ƙarancin bangaskiya ne. Mu da muka binne yara biyu ba mu ga haka ba. A Yohanna sura 9, da almajirai suka nemi sanin mai laifi a kan makahon nan, Yesu ya wanke shi da iyayensa duka. Iyayenmu ba su yi zunubi ba, ba su sani ba ne kawai. Mu kuwa mun sani.

Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Amma kada mu jira sai an kai kayan tambaya. Mu gwada tun ƙauna ba ta yi saiwa ba, mu kuma maimaita a wani wuri don tabbatarwa. Masu sikila da ke cikin zumuntarmu kuma, mu riƙe su hannu bibbiyu.

Ya Ubangiji, ka ta'azantar da yayarmu, ka ba mu ƙarfin karɓar gaskiya ko da tana da ɗaci. Amin.