Daga Barkiya Zuwa Kan Dutsin Ma

Kwana arba'in bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, muka sake haɗuwa a gidanmu na Barkiya da ke ƙaramar hukumar Kurfi. Aka yi addu'a, aka raba sadaka, baƙi suka watse. Da zaure ya rage daga mu sai mu, sai na ga abin da na daɗe ina tsoro: mu tara ne, ɗaki biyu, kuma wanda yake tara mu a tabarma guda ya kwanta dama. Maganar rabon gona ta fara yawo tun ranar sadakar uku. Yayanmu, wanda ya yi shekaru yana noma ta tare da Baba, ya daina kiran sunana, sai "Dakta". Na san ba girmamawa ba ce.

Autarmu ce ta kawo shawarar mu kwashi yara mu je su ga dutsen da garin Dutsin-Ma ya samo suna daga gare shi, kafin kowa ya kama gabansa. Na so in yi dariya. Abokan aikina idan suna zancen duwatsu, Mambila suke nufi, ko Jos, ko Dutsen Zuma. Ni kuwa na wuce ta gindin wannan dutse ba adadi, ban taɓa ɗaga kai na dube shi da kyau ba. Abin da ke ƙofar gida ba ya cika ido.

Muka fita da hantsi a mota biyu. Hanya ta ratsa gonakin da aka gama girbe gero da dawa, sai karare a tsaye da shanu suna kiwo. Yaya ya kafa sharaɗi tun a gida: kafin la'asar mu juyo. Babu wanda ya tambayi dalili, domin duk mai dangi a Kurfi, Safana ko Batsari ya san yadda 'yan bindiga suka sauya wa mutane lokutan tafiya. Saboda haka muka haƙura da madatsar ruwa ta Zobe, duk da nacin yara.

Tsofaffi na cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a dutsen, har sunansa ya bi wurin. Yau garin ya bunƙasa, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, amma dutsen yana nan yadda maharbin ya bar shi. Hawansa ba wasa ba ne ga wanda ya haura arba'in yana zaman ofis. Yara suka yi gaba, ba ruwansu da wane ɗan ɗakin wane ne, babba na jan hannun ƙarami. Ni kuwa a tsakiya numfashi ya gagare ni, takalmina na zamewa, na durƙusa. Hannun da ya miƙo mini na Yaya ne, kaushinsa irin na Baba sak.

A sama muka zauna, iskar hunturu na kaɗawa. Rufin kwano ya bazu a ƙasa, bayansa gonaki har inda hazo ya tare ido. Yaya ya nuna wa yara itatuwan gawo, kore shar a tsakiyar busassun gonaki. Ya ce gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi sabo, shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne. Da kalmomin Baba ya faɗa, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Autarmu ta rufe fuska da mayafi. Tun ranar jana'iza ban ga hawayen Yaya ba sai a nan.

Muka buɗe ƙwaryar fura, ludayi ɗaya yana zagayawa. Na ce, "Yaya, gonar nan fa, a bari a hannunka bana, in an yi rabo ma kasona kai za ka noma." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dubi rana, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya kira ni da sunan da Baba kaɗai yake kirana da shi, ya ce in riƙe hannun ƙaramin ɗansa, gangara ta fi hawa santsi.