Waya Taƙi Guda

Saura kwana tara a ɗauki azumin 2025 ƙanena ya kira ni daga Tabanni. Bayan mun gaisa ya ce saƙon Baba ne: injin lasifikar masallaci ya mutu, in tambayo musu kuɗin sabo a Kaduna, za su yi karo-karo. Na ce masa wace irin mutuwa? Ya ce wani lokaci murya ta fita tas, wani lokaci kuma ana tsakiyar kiran sallah ta ɗauke, sai ƙara. Na sa shi ya je masallacin, ya kunna injin, ya kama wayar makirufo daga gindinta ya girgiza, ya kara salularsa in saurara. Ina jin ƙarat-ƙarat ɗin nan na ce masa kada kowa ya sayar da ko tiya ɗaya ta masara. Inji lafiyarsa ƙalau, waya ce ta tsinke a cikin kanta.

Ya ce, "Yaya, daga ji kawai?" Na ce masa ai aikinmu ne.

Ƙarya na yi. Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma shekara huɗun da na yi a jami'a ba a taɓa miƙo mini ƙarfen liƙi ba. Wannan ƙarar a ɗakina na san ta, a wurin wani abu da na shekara bakwai ina ɓoye wa mutanen gidanmu.

Ina kaɗa jita. Na saye ta a 2018, bayan kiɗan Bombino na Agadas da na Mdou Moctar sun hana ni sakat. Jitar lantarki ba ta da wata murya ta kanta, sai an haɗa ta da inji. Tsakaninta da injin kuma ana jera wasu ƙananan akwatunan ƙarfe a ƙasa, kowanne da maɓallin da ake takawa da ƙafa, ana ce musu feda. Wannan ya sa sauti ya yi kaushi, wancan ya sa ya amsa kuwwa kamar a cikin kogo, wani ya sa ya riƙa kaɗawa. Abin da ke haɗa feda da 'yar'uwarta wata 'yar waya ce da ba ta wuce taƙi guda ba, kamar santimita 15, da kan ƙarfe mai kaurin milimita 6.35 a kowane ɓangare. Feda biyar gare ni, wato waya huɗu, kai takwas. A cikin kowane kai akwai liƙi biyu. Liƙi 16 ke nan, kuma sauti sai ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Guda ya saki, jita da feda da inji duk sun zama kayan ado.

Na farko da na saya a wani shago masu kan roba ne da aka narka aka rufe, ba a kwancewa. Cikin 'yan watanni uku suka mutu, ba halin gyara. Haushi ya sa na sayi ƙarfen liƙi da dalma da kawuna masu murfin da ake murɗewa, na zauna koyo.

Idan ka feɗe irin wannan waya da reza, abu biyu za ka tarar. A tsakiya akwai siririn jan ƙarfe, shi ke ɗauke da sauti. A kewaye da shi akwai wata saƙa ta ƙananan silalla, ita ce garkuwa, tana tare hayaniyar lantarkin da ke yawo a iska. Na tsakiya yana zuwa tsinin kai, garkuwa tana zuwa jikinsa, kuma ko sili ɗaya bai kamata ya tsallaka daga wannan zuwa wancan ba. Garkuwa ta tsinke, sai gurnanin wutar gida ya shigo maka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da muke kira dalma kuwa gauraye ne, kashi 60 kuza, kashi 40 dalma, yana narkewa wajen digiri 190. A cikinsa akwai wani ƙaro da ke wanke tsatsa idan ya ji zafi. Shi ne sinadari. Kafin mu ari kalmar mu kai ta ɗakin gwaje-gwaje da tukunyar miya, a bakin maƙeran fari take, masu liƙa azurfa da tagulla.

Dokar aikin guda ce, kuma sai da na ɓata kawuna da yawa kafin ta zauna mini: ba dalma ake gasawa ba, wurin da za ta zauna ake gasawa. Idan ƙarfen biyu suka ɗauki zafi, da kanta za ta malala ta shige tsakaninsu kamar man shanu a tuwo mai zafi. Idan ka ɗiga ta a kan ƙarfe mai sanyi, za ta dunƙule a sama ta yi dishi-dishi. A ido an liƙa. A ciki kuwa jingine kawai suke da juna.

Dalilin ɓoyon kuma tsohon zance ne. Baba shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ina ɗan shekara 11 na haɗa wani abin kiɗa da gwangwanin madara da sanda da wayar burkin keke. Ya same ni da shi a bayan rumbu. Bai doke ni ba. Karɓa ya yi, ya shiga madafa ya tura shi cikin murhu, ya ce, "Gidan nan ba gidan roƙo ba ne." A wurinmu mai kiɗa maroƙi ne, ɗan ladan kuwa ba ya roƙo. Da na girma na ji cewa shi ma Mdou Moctar da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma gidansu ba su so ba, na yi dariya ni kaɗai. Sai dai shi ya fito fili da nasa. Ni da abin sawa a kunne nake kaɗa tawa, ƙofa a kulle.

Wanda bai san yankinmu ba zai ga kamar lasifikar masallaci ƙaramin abu ce. A shekarun da dajin Birnin Gwari ya koma mafakar 'yan bindiga, har hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama abin da ake shiga da addu'a, mutane da yawa sun tashi. Cikinsu har da mai gyaran rediyon garinmu, wanda ya fi shekara ashirin yana duba kayan masallaci ba ya karɓar ko kwabo. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan salula a wasu ƙananan hukumomi, har da tamu, aka kuma hana hawa babur. Kusan wata biyu ban ji muryar kowa na gida ba. Daga baya Inna ta ba ni labari cewa a kwanakin nan lasifikar ce komai: da ita ake sanar da rasuwa, da ita ake cigiyar yaro, da ita ake cewa yau kada kowa ya fita gona ta gabas. A lokacin ne wayar ta fara ciwo. Aka ɗaure ta da leda da zare, aka ci gaba da lallaɓawa har shekara uku da ɗoriya.

Bayan sulhun da ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, hanya ta ɗan yi sauƙi. Na shirya jaka: waya mita biyar, kawuna huɗu, dalma, filaya, reza, mitar gwaji da ƙarfen liƙina. Na isa ana gobe azumi. Sai da na tsuguna gaban injin, wani tsohon Ahuja da ke aiki da batirin mota da faifan sola guda, sannan na tuna ƙarfena wutar gida yake ci. Babu inda zan soka shi. Mai digiri ya yi tafiyar yini da kayan aikin da ba zai tashi ba.

Baba yana tsaye a kaina. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Kai, jira." Ya shiga ɗan ɗakin ajiya na masallaci ya fito da wani guntun jan ƙarfe mai kaurin yatsa, an fiƙe bakinsa, an sa masa ƙota ta icce. Mai rediyo ne ya bar shi. Aka kawo kurfoti da gawayi.

Rana ta yi ƙasa, ga shi ina so a kira magariba da aikina. Na cusa ƙarfen cikin garwashi har bakinsa ya yi baƙi, na ɗiga dalma a gurguje, na ɗora mita ta yi ƙara alamar hanya ta haɗu. Na murɗa murfi. Aka kira magariba, aka kira lisha, murya tas. Mutane suka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina amsawa kamar wanda ya ƙera injin.

Da asuba ina kwance a zaure bayan sahur Baba ya fara kira. Bai kai rabi ba na ji ƙarat, sai shiru. Na ƙirga numfashina. Can sai ga muryarsa daga ƙofar masallaci, ba inji, ba komai, muryar dattijon da ya haura saba'in, tana rawa tana karyewa a wurin da a da take hawa. Ya kai kiran har ƙarshe. Ban san ko ta wuce gida biyar ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan asubar ba.

Da gari ya waye na kwance kan. Dalmar tana nan dunƙule, toka-toka, na sa farce na taɓa ta ɓalle. Mita ba ta yi ƙarya ba: a ajiye a kan tabarma ƙarfen biyu suna taɓa juna. Amma makirufo ba a tabarma yake aiki ba, a hannun Baba yake, hannun kuma yanzu rawa yake yi. Ina kallon wannan ɗigon dalma sai wani tunani ya zo mini wanda ban gayyata ba. Duk wata ina turo kuɗi, duk Juma'a ina bugo waya, mu gaisa minti biyu. Kowa ya gwada zai ce a haɗe muke.

Baba ya zo ya zauna a bakin tabarma, bai ce komai a kan asuba ba. Ya karɓi ƙarfen ya goge bakinsa da magagari har ya yi ja. Ya ce, "Mai rediyo ba ya sa bakin a wuta. Gindin yake binnewa, zafin ya tako da kansa." Shekara ashirin yana riƙe wa mutumin fitila, ashe yana kallo. Ya ɗauki mafici yana fifita gawayi. Na yanke waya daga inda take da lafiya, na feɗe, na murɗa garkuwa, na shafa wa kowane ɓangare dalma tukuna. Ya riƙe mini kan da filaya, ya dafe gwiwar hannunsa a cinya don kada ya motsa. Ƙarfen gawayi ba ya jira. Daƙiƙa kaɗan gare ka kafin ya huce. Na ɗora, na ƙirga uku, na kawo dalma. Ta malala ta kwanta, tana ƙyalli. Muka tsaya cak, ba mai numfashi, har ta daskare. Muka yi na biyu. Na matse wuyan kan a jikin rigar waya, yadda ko an fizga ba liƙin ne zai ɗauki nauyin ba.

Yana juya kan a hannunsa ya ce, "Wannan ma a kwamfutar ake koya muku?"

Amsar da na ba ƙanena tana bakina. Amma bakin da azumi, a cikin masallaci, ga hannunsa duk baƙin gawayi. Na ce, "A'a, Baba. Jita gare ni. A wurin gyaran wayoyinta na koya."

Ya daɗe bai yi magana ba. Ya ɗauki mafici ya ci gaba da fifita wutar da ba a bukatarta. Sannan ya ce, "Mai irin wayar burkin nan?"

Na ce, "Irinta ce, guda shida."

Ya ce, "Hm." Ya miƙe, ya soka wayar a inji, ya hura makirufo sau biyu, ya girgiza gindinta da ƙarfi kamar mai neman ta da faɗa. Ba ƙarat, ba shiru.

Kwana huɗu na ƙara. Na zaunar da ƙanena ya liƙa sauran kawunan da hannunsa, ya ɓata ɗaya, ya gyara, har masallaci ya samu waya ta biyu a ajiye. Na bar masa mita da filaya da dalma, da sharaɗin ya riƙa wanke hannu bayan aiki, kuma kada ya bar ta inda yara za su kai baki. Mu maƙwabtan Zamfara ba sai an gaya mana abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010 ba.

Baba bai sake tayar da maganar jita ba, ni ma ban tayar ba. Ba zan ce ya yarda ba, domin bai ce ya yarda ba. Ranar da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, abin da bai saba yi ba. Ya yi mini addu'a, na shafa. Na ɗaga jaka ke nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai. Abin nan naka, in an kira sallah ka riƙa ajiyewa."

Na ce, "To, Baba."

Yanzu in na bugo ranar Juma'a mukan wuce minti biyu. Wani lokaci har yakan tambaye ni ko wayoyina suna nan lafiya. Ban taɓa tambayarsa waɗanne yake nufi ba.