Kalmar A1 Da Inda Ta Samo Asali

'Yan makaranta, akwai wata 'yar kalma ta Turanci da na ke so mu duba tare, domin na ji ta a bakin da yawa daga cikinku, amma kaɗan ne suka san mafarinta. Ita ce A1, ana faɗinta "e wan". In Bature ya ce abu A1 ne, nufinsa abin nan ya kai matuƙa wajen kyau, wato abin da mu za mu kira gangariya.

Asalinta daga bakin teku ne. A shekarar 1760 waɗansu attajirai na Landan, masu taruwa a shagon shan gahawa na Lloyd, suka kafa jam'iyya ta duba jiragen ruwa. Dalili kuwa, mai dukiya ba ya son ɗora kayansa a ruɓaɓɓen jirgi, wanda ya yi lamunin kayan kuma ba ya son biyan hasara. Sai suka riƙa aika gwanaye su dudduba kowane jirgi, su rubuta darajarsa cikin littafi. Jikin jirgi harafi a ke ba shi, A ko E ko I ko O ko U, A shi ne mafi ƙwari. Kayan aikinsa kuwa, kamar su anka da igiyoyi, daga baya aka riƙa ba su lamba. A littafin 1775 aka fara ganin A1, wato jirgi lafiyayye ciki da waje.

To, ku lura: ba mai jirgi ke ba kansa wannan daraja ba, mai dubawa ke ba shi. A nan ma'anar kalmar ta ke.

Mu ma a ƙasar Gumel muna da irin wannan. Ku je kasuwar Maigatari ran Alhamis, za ku ji kowane dillali yana rantsuwa sa nasa ba na biyu. Amma mai saye sai ya duba haƙori, ya taɓa tozo. Haka ƙaro: na dakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu. Wanda ya gauraya su ya kira su lamba ɗaya, in kayan suka ƙetare teku aka gane, ba sunansa kaɗai ya ɓata ba, har da na manoman Gagarawa da Sule Tankarkar da ba su ji ba su gani ba.

Saboda haka ga shawarata. Kalmar nan ta hira ce, kada ku sa ta cikin jarrabawa ko takardar neman aiki. Kada ku faɗe ta a kan abin da ba ku jarraba ba. Kada kuma ku faɗe ta a kan kanku, gama yabon kai jahilci ne. Ku dai kyautata aiki, ku bar mai dubawa ya ba da lamba. Allah ya sa mu dace.